Kiran Iya a Cikin Dawa

Bana dawa ta yi tsayi har ta wuce kan mai doki. Idan iskar la'asar ta ratsa ta, ganyen kan riƙa wata ƙara kamar mata da yawa suna raɗa a bayan danga. Jiya muna bakin gona ni da uwar mijina, wadda nake kira Goggo, muna tsinkar ganyen wake, sai na waiga ban ga ɗana ba. Bai daɗe da yaye ba. Sawunsa kawai na gani a danshin ƙasa, ya miƙe ya shige cikin dawar. Na buɗe baki zan kira shi, sai harshena ya ƙi. Ɗan fari ne, ga kuma Goggo a tsaye kusa da ni. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Na yi karatu, na san babu wannan a littafi ko ɗaya, amma harshena bai yi karatu ba.

A wannan 'yar tsayuwa da na yi da baki a buɗe, wata damina ta dawo mini gaba ɗayanta, har da ƙaurin hayaƙinta.

Ƙauyen da aka haife ni yana kusa da Tsanyawa, tafiyar hantsi idan jaki bai yi taurin kai ba. Ba mu da ganuwa a lokacin, sai shingen ƙaya. Gona na jingine da gona, babu jeji ko kaɗan, sai gawo da ɗorawa jefi-jefi, da wata tsohuwar kuka mai kogo a tsallaken hanya. Babana malamin ƙauyen ne, shi ya koya mini riƙe alƙalami. Sunansa Idrisu, ana ce masa Idi tun yana yaro. Shi ne ɗan farin kakata, wadda muke kira Iya. Bayansa ta haifi mata, duk suka yi aure nesa, sannan autanta Baffa Tanko, wanda gidansa ke manne da namu.

Sunan Tanko kam, a rana Iya takan kira shi har mutum ya gaji da ji. Na babana kuwa ba wanda ya taɓa jin sa a bakinta. Idan baƙo ya tambaye ta gidan wa ke nan, sai ta ce, “Gidan wan Tanko ne.” Ko sallar idi ba ta faɗa, sai dai ta ce sallar fili. Muna yara mukan kewaye ta ranar salla, mu ce, “Iya, yau wace salla aka yi?” Sai ta kawo mana duka da mafici tana dariya, ta ce, “Wadda ubanku ya je.”

Gigin tsufa ya fara kama ta a shekarar da farin dango suka sauka mana. Da farko ƙananan abubuwa ne. Ta zuba toka a miya a maimakon kanwa. Ta ajiye wa kakanmu tuwo a akushi, shi da ya rasu tun ba a haife ni ba. Kafin bazara ta ƙare ta daina gane innata, tana ce mata mai tallan nono. Ni kuwa wata rana ni ƙanwarta ce, wata rana ɓarauniya. Innata na fama da jariri a baya, ga surfe ga ɗiban ruwa, don haka Iya ta zama rabona. Ni ce wankanta, ni ce cinta, ni ce mai bin sawunta idan ta fice.

Bazarar nan ta yi zafin da ban ƙara ganin irinsa ba. Rijiya ta ja baya har sai an ƙara igiya. Rumbunmu, wanda fara ta hana cika, ya kai inda sai an zura ni ciki na share ƙasansa da tafin hannu. Baba ya ɗaure irin shuka a cikin tulu ya liƙe bakinsa da laka, ya ce ko za mu mutu ba mai taɓawa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da iska ya zo. Ya kwashe jinkar ɗakin awaki ya jefa ta gonar maƙwabta. Washegari da sassafe kowa ya fita, ana yayyafi. Baba da Baffa suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana ƙamshi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa da sanyi. Sai ruwan ya sake ƙarfi. A nan muka ji murya daga bakin gida, ta ratsa gonar gaba ɗaya.

“Idi! Idiii! Shigo, ruwa zai dake ka.”

Ƙwaryar iri ta suɓuce daga hannun innata. Mutanen gonar da ke kusa suka miƙe tsaye. Iya ce a ƙofar zaure, babu ɗankwali, ruwa na bin furfurarta, da muciya a hannu.

Baba ya ajiye sungumi a hankali, ya taka har gabanta, ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ce, “Ga ni, Iya.”

Ta dube shi. Ta dubi gemunsa da ya fara fari. Sai ta ɗaga muciyar da hannu biyu ta sauke masa a baki. Na ji ƙarar haƙori daga inda nake.

“Kai wane ne? Ina ka kai min yaro? Yanzu ya fita, ko riga babu a jikinsa.”

Ta ƙara masa a kafaɗa, ta ƙara a ka. Bai kare ba. Jini da ruwan sama suka haɗu suna sauka ta gemunsa. Sai da Baffa ya rungume ta ta baya ya ɗaga ta sama tana shure-shure. Baba ya tofar da gutsuren haƙori, ya koma ya ɗauki sunguminsa. Ruwan shuka ba ya jiran kowa.

Daga ranar kunya ta faɗi daga bakin Iya kamar tsohon zane. Da hantsi ta kira, da azahar ta kira, da la'asar ta tsaya a bakin danga ta kira. Yaro take nema, ɗan ƙarami mai yawan bin ƙadangaru. Baba bai ƙara amsawa ba.

Aka yi noman fari da yunwa, aka yi maimai da yunwa. Gayya ta mutu a shekarar, domin ba mai abin da zai ciyar da masu taya shi. Muna dafa tafasa mu matse, mu barbaɗa mata dusa. Muna cin rama har haƙora su mutu. Wani maƙwabcinmu, mutum mai 'ya'ya, aka kama shi a gonar wani yana karyar geron da ko ido bai gama yi ba. Masu gonar suka dake shi da ƙotar fartanya har hannunsa ya karye, yana riƙe da zangarniyar bai saki ba. Washegari suka haɗu a masallaci, sahu ɗaya.

Iya ba ta san ana yunwa ba. Ta san dai ana hana ta abinci. Sai ta gama shan kunu, ludayin na hannuna, ta ce kwana da kwanaki ba a ba ta komai ba. Ta cije ni a kafaɗa. Ta tsinke mini kitso har da fata. Wata safiya ta watsa mini kunun kanwa da zafinsa, tabon yana nan a damtsena, mai kama da ganyen kuka. Duk da haka akwai lokutan da takan lafa, ta ɗora kanta a cinyata ina tsefe mata gashi, tana ba ni labarin wata ƙorama da ke garinsu, wadda take cewa ruwanta zaƙi gare shi kamar rake. A irin wannan lokaci nakan ji kamar ina riƙe da tsuntsuwar da ta faɗo daga sheƙa.

Ranar da Baffa ya ga ƙunar hannuna, ya juya ya fita. Da yamma sai ga shi yana jan turu, gungumen itace mai rami da ake sa ƙafar mahaukaci a ciki. Ya yar da shi a tsakar gida.

Baba ya fito daga zaure ya ce, “Na wane ne wannan?”

“Ka sani, Yaya. Sai ta kashe yarinyar nan tukuna?”

“Uwarka ce, Tanko.”

“Uwata? Tambaye ta mana. Jiya mai jaki ta kira ni, ta ce nawa zan kai ta kasuwa. Ni da nake noma abin da take ci. Kai da ta ƙi kallo tun kana goye, yau kai kaɗai ta haifa.”

Baba ya shiga ɗaki ya fito da gatari. Baffa ya ja da baya ya ɗauki taɓarya. Innata ta rufe idon jaririnta. Amma turun Baba ya nufa. Ya yi ta saransa yana haki, shi da ba ƙarfi gare shi ba, har ya farfasa shi. Sannan ya ce wa innata, “Ga itace. Na ji kina kukan jiƙaƙƙen kara.”

A cikin marka, lokacin da sama ke kwana tana yini tana zuba, bango na jiƙewa yana zubewa, na gano abin da ke kwantar da Iya. Rannan ta shaƙe ni a bakin murhu, wai na sayar da yaronta. Yatsunta kamar ƙarfe. Idona ya fara duhu. Sai ga wata tsohuwa mai tallan kanwa ta shigo fakewa, tana dogara sanda, tana wani busasshen tari. Iya na jin sandar da tarin sai ta sake ni. Ta durƙusa, ta jawo zane ta rufe kanta har fuska, ta yi tsit kamar an ɗauke ruwa.

Bayan tsohuwar ta fita, ta leƙo ta gefen zanen ta yi mini raɗa. “Ta tafi?”

“Wa, Iya?”

“Innarsu mana. Ta ji ina faɗa?”

Uwar mijinta take nufi, wadda ƙasa ta daɗe da cinyewa. Ashe duk abin da gigi ya share, bai kai ga wannan ba. Can ƙasan zuciyarta Iya amarya ce a gidan surukai.

Na sami makami. Idan ta ɗaga hannu, ko ta fara kiran da ba ya ƙarewa, sai na ce, “Iya, uwar mijinki na tsakar gida.” Nan take sai ta naɗe. Na sami barci, na sami damar komawa kan allona. Har ranar da Baba ya ji.

“Rabi, zo nan. Wa ya koya miki tayar da matattu?”

“Baba, dukana take yi.”

Ya kama damtsena ya daɗe yana duban tabon. Ya ce, “Idan ta ɗaga hannu, ki kauce, ki kira ni ta huce a kaina. Idan kira take, ki ƙyale ta.”

“Ai ba ka amsawa.”

“Idan na amsa sai ta ga gemu, ta rasa yaronta. Idan na yi shiru, yana nan kusa, wasa ne kawai ya yi nisa da shi.” Ya ɗauki karan da yake feƙewa ya ci gaba da gyaran alƙalami. Can ya yi murmushi da giɓinsa. “Na girma, na yi furfura, ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Ashe jan ƙarshensa take yi.”

Daga nan na lura da shi. Duk sanda ta fara, ko yana tsakiyar biya wa yara karatu, sai ya ɗan dakata, ya karkata kai.

Azumi ya kama a ƙarshen damina, gero ya nuna, dawa ta fitar da kai. Shi ne azumin farko da na cika. Mukan yi sahur da ruwan tafasa, mu sha ruwa da tumu, sabon geron da ake babbakawa a wuta a murje a tafin hannu. Rana idan ta fito bayan ruwa sai ƙasa ta riƙa tururi. Da tsakar rana nakan dama wa Iya kunu in ba ta a baki, ƙamshin yana murɗa mini hanji, ita kuma tana cewa, “Sha mana, ke ba kya jin yunwa?” Yaran unguwa suka sami abin wasa. Idan ta tsaya a danga ta ce, “Idiii,” sai su amsa daga hanya, “Iya, sai an ga wata.”

Sai labarin mahara ya fara zuwa daga arewa. Da farko hayaƙi muka gani, ya miƙe a inda babu mai ƙona saura da damina. Sannan mutane suka iso. Wata mata da aka tsage wa kunnuwa biyu don a cire 'yan kunne. Wani dattijo da guntun kibiya a cinya, wajen ya kumbura ya yi baƙi. Suka ce maharan sun ji gero ya nuna, suna ɗaukar hatsi, suna ɗaukar mutane, wanda ya yi gardama ko ya kasa tafiya su bar shi a kwance.

Maza suka zauna a zauren Baba. Ba mu da dawaki, bakunanmu na harbin zomo ne. Aka tsaya a kan cewa idan an busa ƙaho, kowa ya shige babbar gonar dawa ta bayan gari, ya kwanta tsakanin kunyoyi, mai jariri ta sa masa nono a baki. Ina bayan asabari ina ji, sai wani ya ce, “To, Malam, ita fa?”

Kowa ya san Iya yake nufi.

Baffa ya ce, “A bar ta a ɗaki. Ba sa ɗaukar tsofaffi.”

Baba ya ce, “Suna ƙona ɗaki.”

“To a ɗaure mata baki.”

“Da ranka ka ɗaure bakin da ya tauna ya ba ka?”

Wani maƙwabci ya ce, “Malam, ba raini ba. Kira ɗaya za ta yi, a kwashe 'ya'yanmu duka.”

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Idan ta kira, a wuyana. Ni na san abin da zan yi.”

Ranar ta zo ana saura kaɗan a ga wata. Da hantsi ne, an yi ruwa da asuba, rana ta fito fes. Baba ya tsallaka hanya zuwa 'yar gonarmu ta gindin kuka yana yankan gero. Ina shanya zanen Iya na ji ƙahon, guda ɗaya, ya yanke a tsakiya kamar an toshe bakin mai busa.

Innata ta fizgi jariri ta yi bayan gari. Na kama hannun Iya, ta turje ta riƙe ƙyaure. Ina ja tana ja. Sai ga Baffa ya tsallako danga. Ya sunkuya ya goya ta, ya ruga. Tana dukan kansa da hannu biyu tana cewa, “Mai jaki, a hankali, ba wannan ce hanyar kasuwa ba.”

Muka kutsa cikin dawa, ganye na yankan fuska. Muka zube a kwari, cikin ruwa da taɓo. A harshenmu kalma ɗaya ce ga tudun da garma ke tayarwa da abin da ke rufe bakin mace. Rannan tsakanin kunya da kunya muka kwanta, rabin ƙauye, ba ka jin komai sai numfashi da kukan sauro. Ni da Baffa muka sa Iya a tsakiya. Inda muke bai yi nisa da bakin gonar ba, ta tsakanin kara ina hango hanya da kukar.

Kofato muka fara ji. Sannan ƙarar fasa ƙyaure, awaki na kuka, wani na ba da umarni da wata irin Hausa mai nauyi. Ladaninmu makaho ne, bai sami mai ja ba. Muka ji yana salati, muka ji an buge shi da wani abu, salatin ya koma nishi. Wata yarinya da ta je rijiya ta yi ta kiran uwarta. Uwar tana kwance bayana, na ji tana cusa ƙasa a bakinta.

Sai suka sa wuta. Jiƙaƙƙiyar jinka ba ta ci da sauri, hayaƙi take yi, fari mai kauri. Iska ta kwaso shi ta shimfiɗa a kan dawar.

Iya ta ɗaga hanci. Ta ce, “Wuta.” Na riƙe ta. Ta ce, “Yaron yana ɗaki. Na kwantar da shi.”

Ban san inda ta sami ƙarfin ba. Ta ture ni ta miƙe a kan gwiwa.

“Idiii!”

Baffa ya fyaɗa ta ƙasa ya toshe bakinta da tafinsa. Ta datse shi da 'yan haƙoran da suka rage mata, har na ga jini na bin gwiwar hannunsa. Ya juya ta ya danna fuskarta a taɓo, ya ɗora mata gwiwa a baya. Matar da ke bayana ta ce ta cikin haƙora, “Danne ta. Danne ta, Tanko.” Ƙafafun Iya suna shure ƙasa, sannan suka fara yin sanyi. Baffa yana kuka babu sauti, bai kuma ɗaga ba.

Na ja jiki na sa bakina a kunnenta. Na ce, “Iya, ga uwar mijinki nan a bayanki. Tana ji.”

Jikinta ya saki. Na ture hannun Baffa. Ta juyo da fuska duk laka, ta ja numfashi, ta laluba gefen zanenta ta rufe kai.

Amma kiran ya riga ya fita. Kofatan da ke hanya sun tsaya. Mahaya biyu ne da wani mai tafiya a ƙasa. Suka juyo, suka fara sarar dawa da takobi, kan dawa na faɗuwa, suna matsowa. Har na ga laka a ƙafar dokin gaba. Kusa da ni jaririn innata ya fara motsi.

Sai murya ta taso daga tsallaken hanya, irin wadda yake ɗagawa idan yara sun yi yawa a zaure.

“Na'am!”

Baba ne. Yana cikin kogon kuka, inda ko da rana ba a ganin mutum. Babu wanda ya san yana wurin. Ya fito fili da lauje a hannu.

“Na'am, Iya! Ga ni nan!”

Ya juya ya nufi fadama da gudu, nesa da dawar, yana amsawa yana ƙarawa. Mahayan suka karkata linzami.

Babana bai iya gudu ba, rigarsa na harɗe shi. Suka cim masa kafin ya kai ƙarshen gonar geron. Na ƙasan ya jefa masa igiya. Da ya miƙa wuya da sun tafi da shi da rai, amma da sun dawo kan dawar. Ya sari mai igiyar a hannu. Ya kama linzamin dokin gaba ya rataye a jiki, dokin ya yi ta juyi da shi yana tattaka shi, ya ƙi saki. Sai na biyun ya zagayo ta baya da mashi. Na ga tsinin ya ɓullo ta gaban rigarsa. Ya durƙusa kamar yadda ya durƙusa ranar ruwan shuka. Suka sare shi sau da yawa don haushi, sannan suka tuɓe masa rawani.

Ban iya kallo har ƙarshe ba, na juyo. Fuskar Iya na dab da tawa. Zanen ya zame, idonta na kan hanya. Ba idon gigi ba ne. Idon da na sani ne tun ina ƙarama, na matar da ke kawo mana duka da mafici. Ta gane shi, da gemunsa da furfurarsa. Na ga leɓɓanta sun haɗa farkon sunan. Sai ta ɗan waiga bayanta, inda na ce surukarta take. Ta tattara gefen zanen da hannunta, ta cusa a bakinta, ta cije. Ko hawaye ba ta bari ya fito ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban surukai.

Maharan ba su dawo kan dawar ba. Na ƙasan yana zubar da jini, ga hadari ya haɗo, suka kora abin da suka samu suka yi arewa. Muka ci gaba da kwanciya, ruwa ya dake mu ya wuce, har inuwa ta karkata.

Can Iya ta zare zanen daga bakinta. Ta yi mini raɗa. “Ta tafi?”

Na dubi Baffa. Yana riƙe da hannunsa da ya cizu, ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Ta tafi, Iya.”

Ta miƙe da kanta. Ta ratsa dawa, ta tsallaka hanya, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta zauna a taɓo ta ɗora kansa a cinyarta, ta goge masa gemu da jiƙaƙƙen zanen. A hankali ta ce, “Idi. Ashe ka yi furfura.”

Sannan ta ɗaga kai ta kira shi da dukan muryarta, tana jan ƙarshen. Ta yi ta kira, ba wanda ya hana ta, har rana ta faɗi. Ba mu da ladan rannan. Da kiran Iya muka sha ruwa.

Da aka ga wata, waɗanda suka rage suka fita bayan gari suka yi raka'a biyu, Baffa da hannu a ɗaure. Ba wanda ya iya faɗin sunan sallar. Yara da manya, sallar fili muka ce, har yau kuma haka ake cewa a ƙauyenmu.

Iya ta manta. Kwana kaɗan bayan haka na same ta a bakin ƙonanniyar danga da hantsi, tana neman yaronta. Ta kira sau ɗaya, ta kira sau biyu. Ina tsaye da ƙwaryar kunu ban san abin da zan yi ba. Sai daga bayan rumbu, inda ba ta iya gani, wata murya ta ƙanƙance kanta ta ce, “Na'am.”

Iya ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, “Kar ka yi nisa.”

Haka Baffa Tanko ya yi ta amsa sunan wansa, da hantsi da la'asar, har ranar da muka rufe ta a ranin da ya biyo baya.

Yanzu an yi wa garin mijina ganuwa, rumbu biyu muke da su, bana ko tafasa ban dafa ba sai don marmari. Da na haihu, mijina ya yi mini kara ya sa wa yaron sunan babana. Dangin uba suna kiransa yadda suka ga dama. Ni sai dai in ce kai, ko wannan yaro.

Jiya dai, a bakin gona, iska na kaɗa dawar, babu motsin yaro ko ta ina, ga rijiyar makiyaya a can ƙarshen gonar ba murfi. Na cika ƙirjina.

“Idiii!”

Tsuntsaye suka tashi daga kan dawa. Goggo ta miƙe da ganyen wake a hannu.

“Rabi, me na ji?”

“Abin da kika ji, Goggo.”

Ta dube ni, ta dubi tabon damtsena. Ta sunkuya ta ci gaba da tsinka. Ta ce, “Iska ce a cikin dawa. Ni kunnena ya tsufa.”

Kara ya motsa. Sai ga shi ya fito, laka har gwiwa, da fara a dunƙule a hannunsa. Ya dubi kakarsa, ya dubi hanya, ya dubi bayana. Bai san muryar da ta ɗauko sunansa ba.

Ya ce, “Wa ya kira ni?”

Na durƙusa na share masa fuska da gefen zanena.

Na ce, “Ni ce.”